Ɗora Babban Inji a Tsohuwar A-kori-kura: Tambayoyi da Amsoshi

Duk wanda ya mallaki tsohuwar a-kori-kura, wata rana sai ya buɗe bonet ya tsaya yana kallon filin da ya rage a gefen inji, zuciyarsa tana raya masa cewa wanda ya fi wannan girma zai zauna a nan daram. Tambayoyin da ke ƙasa su ne masu wannan niyya suka fi maimaitawa.

Waɗanne motoci ake nufi, kuma me ya sa su aka fi yi wa wannan aiki?

Galibi ana maganar motocin Amurka ne na shekarun 1950 zuwa 1980, musamman Ford F-100, wadda aka ƙera daga 1953 zuwa 1983, da Chevrolet C10, wadda ta fito a 1960, sai kuma Dodge D100. An gina su a kan shasi mai zaman kansa, bodi daban, ƙarfen da ke ɗauke da shi daban, ga ɗakin inji mai faɗi. Da yawansu tun daga kamfani ana sayar da su da inji mai silinda 6 ko mai silinda 8, don haka gurbin babban inji yana nan tun asali. Haka nan ana yi wa tsofaffin ƙananan motocin Toyota, inda ake cire injin 22R mai silinda 4 a sa 5VZ mai lita 3.4 ko 1UZ mai lita 4 na Lexus, sai dai can wuri ya fi matsewa ƙwarai.

Anya ya dace in cire injin asali?

Tsaya ka tambayi kanka abin da kake son motar ta yi maka. Idan tana nan yadda ta fito daga kamfani, da injinta da lambobinta da fentinta, to irinta tana ƙaranci kowace shekara, kuma masu tara tsofaffin motoci sun fi daraja ta a haka. Ni dai ba na son in ga an yanka irin wannan. Amma wadda injinta ya riga ya buga, ko aka taɓa sauya mata wani, ba abin da za ka yi asara.

Sannan kada ka raina injin silinda 6 na wancan zamani. Ford 300, mai lita 4.9, an yi ta ƙera shi daga 1965 har 1996 saboda juriyarsa da ƙarfin jan kaya a ƙaramin juyi. Sau da yawa mai mota yana kukan rashin ƙarfi alhali ciwon yana ga kafireto da ya gaji, ko giya uku da ke sa inji ihu a babbar hanya. Wani gyaran giyabos kawai yake bukata (duba amsar giyabos). In ka yanke shawarar cirewa, ka adana tsohon injin, kada ka sayar da shi a matsayin ƙarfe.

Wane inji ya fi sauƙin ɗorawa?

Wanda kamfanin motar da kansa ya taɓa sa wa irinta. A C10, wannan shi ne Chevrolet 350 mai lita 5.7, ɗan gidan injunan da suka fara fitowa a 1955. Mazauninsa da salansarsa da lagiretonsa duk akwai su, ba sai an ƙirƙira ba. A F-100 kuma akwai 302 da 351, ko 360 da 390 na dangin FE. Masu neman manya sukan je ga 454 na Chevrolet mai lita 7.4, ko 460 na Ford mai lita 7.5. Waɗannan suna da ƙarfin ja na ban mamaki, amma suna da nauyi, kuma suna shan mai ba kaɗan ba.

Idan ka tsallaka gida, wato injin Chevrolet a bodin Ford, zai yiwu, ana yi kullum. Sai dai ka sani komai zai zama na haɗe-haɗe: mazauni, farfela, wayoyi, har da ma'aunin da ke gaban direba.

Me ya sa kowa ke maganar LS?

Saboda ya haɗa abubuwa uku da ba kasafai suke haɗuwa ba: ƙanƙantar jiki, ƙarfi, da yawa a kasuwar tsofaffin kaya. Dangin LS, wato sababbin injunan Chevrolet masu silinda 8, ya fara da Corvette ta 1997, daga 1999 kuma aka zuba nau'ikansa masu lita 4.8 da 5.3 da 6.0 a Silverado da Sierra da 'yan uwansu. Mai lita 5.3 na farko-farko yana ba da ƙarfin doki tsakanin 270 da 295 ba tare da an taɓa shi ba, wato kusan ninki biyu na tsohon silinda 6. Yana tashi da bugu ɗaya da sanyin safiya, ba ya bukatar a yi ta saita shi, kuma in aka haɗa shi da giyabos mai giyar hutu, wato giyar ƙarshe da ke rage juyin inji a babbar hanya, man da yake sha bai kai na tsohon 350 mai kafireto ba.

Akwai abubuwan lura. Na farkon suna amfani da wayar totur ta ƙarfe, amma daga wajen 2003 yawancinsu totur ɗin na lantarki ne, don haka sai ka taho da fedarsa da akwatinta. Wasu masu lita 5.3 na 2007 zuwa sama suna da tsarin kashe silinda 4 don rage shan mai, kuma an san wannan tsari da kawo matsala in ya tsufa. Haka kuma kwanon baƙin mai na motocin kaya yana da zurfi, yakan leƙo ƙasa da ƙarfen gindin shasi, musamman a motar da aka rage wa tsayi. Dutse ɗaya ya isa ya fasa shi.

A ɓangaren Ford, kishiyar LS ita ce Coyote mai lita 5, wanda ya fito a Mustang da F-150 na 2011. Inji ne mai kyau, amma kawunansa suna da faɗi sosai, ya fi 302 cin wuri nesa ba kusa ba, kuma kayan haɗinsa sun fi tsada.

Dizal fa? Ina sha'awar Cummins.

Cummins 6BT mai lita 5.9 ya shiga Dodge Ram a 1989 da ƙarfin doki 160 kawai, amma ƙarfin murɗawarsa ya sa ya yi suna. Na 1989 zuwa 1998 masu bawul 12 ba su dogara da kwamfuta ba, wayoyi kaɗan suke bukata. Matsalar ita ce nauyi: ya kai wajen kilo 500, kusan ninki biyu na 350 mai kimanin kilo 260. C10 da F-100 motocin rabin tan ne, ba a gina gabansu don wannan kaya ba. In dole sai 6BT, nemi F-250 ko C20 ko abin da ya fi su. Ƙaninsa 4BT mai lita 3.9 ya fi sauƙi, wajen kilo 340, amma yana girgiza mota sosai. Ka kuma tuna dizal ba ya samar da zuƙar iskar da bustar birki ke aiki da ita, sai an sa famfo na musamman ko bustar da ke aiki da man sitiyari. Karanta amsar nauyi da ta birki kafin ka biya kuɗi.

Ta yaya zan san zai shiga kafin in saya?

Da tef ɗin awo. Auna tsawo daga bangon da ya raba inji da gidan direba zuwa lagireto, ka cire wurin fanka. Auna faɗi tsakanin ƙarafan shasi biyu, da tsayi daga ƙarfen gindi zuwa bonet. Wuraren da aka fi yin karo su ne akwatin sitiyari da sandarsa, bustar birki, kwanon baƙin mai, da bututun salansa na gefen direba. Ka bar aƙalla santimita 2 tsakanin inji da kowane ƙarfe, domin inji yana motsi a kan robar mazauninsa duk lokacin da aka taka totur.

Kada a yi waldar mazauni sai an rataya inji da giyabos a haɗe, an sa salansa da sitata da fanka, an juya sitiyari dama da hagu har ƙarshe, an rufe bonet. A fara da ɗigon walda, sai an tabbatar da komai a ƙone ta gaba ɗaya. Inji yakan ɗan karkata baya da kamar digiri 3, kuma wannan karkata tana da alaƙa da farfela, kamar yadda za a gani a ƙasa.

Tsohon giyabos ɗina zai iya ɗauka?

Mai giya uku na sitiyari da ya zo da silinda 6, a'a, kada ka dogara da shi. TH400 na Chevrolet da C6 na Ford suna da ƙarfin da za su jure kusan komai, TH350 ma yana iya matsakaicin inji, amma dukkansu ba su da giyar hutu ta babbar hanya. Ga misali: aksul mai lissafin 3.73 (farfela ta juya sau 3.73, taya sau ɗaya), taya mai tsayin inci 28, gudun kilomita 100 a awa, injin zai riƙa juyi kusan 2,800 a minti. Sa giyabos 700R4 ko 4L60E na Chevrolet mai giyar ƙarshe 0.70, juyin ya sauko wajen 1,950. Bambancin ƙara da shan mai da gajiyar direba a doguwar tafiya duk yana cikin wannan lissafi.

700R4 yana da wata waya da ke haɗe da totur wadda ke saita matsin man cikinsa. In ba a saita ta daidai ba, giyabos zai ƙone cikin ɗan lokaci. 4L60E da 4L80E kwamfuta ke sarrafa su, na biyun ya fi ƙarfi da girma, shi ya dace da mai lita 6.0 ko motar da za ta ja tirela. LS yana ɗauruwa da tsofaffin giyabos na Chevrolet, amma bayan karanshaf ɗinsa ya gaza na tsohon inji tsawo da inci 0.4, sai an sa zobe na cike giɓin. Shawarata ita ce ka ɗauki inji da giyabos ɗin da suka zo tare, ka huta da wannan duka.

Farfela da aksul na baya fa?

Sabon giyabos kusan kullum yana sauya tsawon farfela. A kai wa masu aikinta su yanke ko su ƙera sabuwa, su kuma daidaita nauyinta, ba aikin kowane mai walda ba ne. Kusurwar wutsiyar giyabos da ta bakin aksul su zama daidai da juna, kowane gwiwar farfela yana aiki tsakanin digiri 1 da 3. Rawar da ke tasowa a wani gudu ta ɓace a wani, yawanci daga nan take.

Aksul ɗin Ford mai inci 9, wanda aka yi daga 1957 zuwa 1986, da na Chevrolet mai noti 12, suna jure ƙarfi mai yawa in lafiyarsu ƙalau. A buɗe a duba haƙora da boris. Bayan a-kori-kura ba shi da nauyi in ba kaya, don haka taya ɗaya za ta yi ta sulɓi da babban inji, shi ya sa ake sa na'urar da ke raba ƙarfi ga tayoyin biyu.

Dole ne in taɓa birki?

Dole ne, kuma shi za ka fara yi tun tsohon inji yana ciki. Wannan ita ce amsar da na fi so a karanta a shafin nan. Motocin nan da yawa sun zo da birkin ganga a ƙafa huɗu. Chevrolet bai mayar da birkin faifai na gaba abin kowa a C10 ba sai 1971, Ford kuma sai 1973 a F-100 mai ja da tayoyin baya kawai. Birkin ganga yana riƙe zafi, in aka taka shi sau da yawa a gangara sai ya saki. Kuma aikin da birki ke yi ba ya ƙaruwa daidai da gudu, ninkawa yake: motar da ke gudun 120 tana ɗauke da ƙarfin da ya ninka na mai gudun 80 sau 2.25. Sabon inji zai kai ka 120 ba ka ankara ba.

Abu na biyu ya fi wannan haɗari. Motocin da suka girmi ƙarshen shekarun 1960 suna da tukunyar man birki mai hanya ɗaya. Bututu ɗaya ya tsage, birki ya tafi a ƙafa huɗu lokaci guda. A sauya ta da mai hanya biyu, gaba daban baya daban, a sa faifai a gaba, a sa bawul mai daidaita matsi don kada tayoyin baya su riƙa kullewa, a kuma sabunta duk bututai da robobi. Tayoyin da suka shekara goma, ko da zanensu bai cinye ba, a cire su. In kuɗinka bai isa inji da birki tare ba, yi birki bana, inji ya jira baɗi. A motar akwai kai, a kan hanyar akwai 'ya'yan mutane.

Ƙarin nauyi zai cutar da gaban motar?

Ya danganta da injin. Daga silinda 6 na ƙarfe zuwa 350 ko LS, bambancin kaɗan ne, LS mai jikin alminiyam ma yakan fi sauƙi. Amma 454 ya fi 350 da wajen kilo 50, ga dizal da aka yi bayani a sama. Alamun nauyi ya yi yawa su ne gaba ya zauna, sitiyari ya yi tauri, mota ta ƙi shan kwana. Sai a sa safirin da ya dace da sabon nauyi, da sababbin shokazoba da bushin. Masu F-100 da dama suna cire tsarin ƙafafun gaba na Twin I-Beam da Ford ya kawo a 1965 su ɗora gaban motar Ford Crown Victoria na 2003 zuwa 2011, wanda ke zuwa da faifan birki da sitiyari na zamani a dunƙule, sai dai ya fi na asali faɗi.

Kafin komai, a wanke shasi a bi shi da guduma ana neman tsatsa da tsagewa, musamman kusa da akwatin sitiyari da maƙalan safirin. Ƙarfensa buɗe yake ta gefe ɗaya, don haka in ƙarfin ya yi yawa akan rufe shi da faranti ya zama akwati.

Me ya sa yake zafi bayan an gama aiki?

Ƙarin ƙarfi ƙarin zafi ne, lagireton silinda 6 ba zai iya ba. Lura da lokacin da zafin ke hawa. In a cunkoso ne ko a tsaye, iska ce ba ta wadata ba: fanka ta yi rauni, ko babu murfin da ke tilasta iska ta bi ta cikin lagireto. In a babbar hanya ne, lagireton ya yi ƙanƙanta ko ya toshe. A LS akwai ƙananan bututan tururi a saman kawunan inji, mutane kan toshe su don ba su san amfaninsu ba, iska ta taru a ciki, wuri ɗaya ya yi ta ƙuna alhali ma'auni yana nuna lafiya. A haɗa su da lagireto. Giyabos mai sauya kansa shi ma a ba shi nasa ƙaramin lagireton.

Tsohon tanki da famfon mai za su yi?

Ga kafireto, matsi na 5 zuwa 7 a ma'aunin psi ya isa. LS yana son 58. Saboda haka tsohon tiyo da tsofaffin maɗaurai ba za su yi ba, ɗigon fetur a wannan matsi feshi ne, kuma salansa tana kusa. Famfo ya fi daɗewa in yana cikin tanki, fetur na sanyaya shi, kuma tankin ya kasance da shinge a ciki don kada famfon ya zuƙi iska a kwana. A haɗa shi ta yadda zai mutu da zarar inji ya mutu.

Motoci da yawa har zuwa 1972 tankinsu yana cikin gidan direba, bayan kujera. Tunda an riga an buɗe aiki, a mayar da shi ƙarƙashin bodin baya, tsakanin ƙarafan shasi.

Wayoyi da kwamfuta ne ke ba ni tsoro.

Ba kai kaɗai ba, amma abin bai kai yadda ake zato ba. Kwamfutar LS tana da tsarin hana sata da ke neman makullin motar da ta fito, in ba a goge shi ba inji zai tashi ya mutu cikin daƙiƙa biyu. Mai saita kwamfuta zai cire shi, ya kuma shigar da girman taya da lissafin aksul don giya ta riƙa shiga a kan lokaci. Bayan an tace wayoyin injin, abin da ke haɗuwa da motar kaɗan ne: wutar batir, wutar makulli, famfon mai, fanka, da siginar birki. Kwamfuta da inji su zama 'yan zamani ɗaya, domin na farkon suna karanta haƙora 24 a karanshaf, na baya 58.

Abin da ya fi ba ni tsoro shi ne tsofaffin wayoyin motar kanta, masu shekara hamsin, da rufinsu ya bushe. Fankar lantarki kaɗai tana iya jan amfiya 20 zuwa 30. Kowane sabon kaya a ba shi fiyus da rile nasa, a sa waya mai kauri daga altaneta, a ɗaure inji da shasi da bodi da wayar ƙasa mai kyau. Motocin da suka girmi 1955 ko 1956 kuwa masu wutar volt 6 ne, sai an sabunta su gaba ɗaya. Ma'aunin gudu na waya ma ba zai yi aiki da 4L60E ba sai da na'urar fassara.

Me zan duba wajen sayen inji na hannu?

In da hali, sayi motar da ta yi haɗari gaba ɗaya, wadda aka daka ta baya ko ta gefe, ka ji injin yana aiki kafin a cire. Da ita za ka samu kwamfuta, wayoyi, feda, altaneta, famfon sitiyari, da tarin ƙananan notika da maƙalai waɗanda sayensu ɗaya-ɗaya ke cinye aljihu. A auna matsin kowace silinda, kada bambancinsu ya wuce kashi 10 cikin 100. A cire fulogi a duba launinsu, a buɗe murfin bawul a ga ko akwai dasƙararren baƙin mai, a sauke kwano a nemi garin ƙarfe. Mai da ya koma kalar madara, ruwa ya shiga. Tun injin yana ƙasa a sauya sil na bayan karanshaf da gasket na kwano da famfon ruwa, domin in ya shiga mota aikin awa ɗaya zai koma na kwana biyu. Ka karɓi takardar sayayya mai ɗauke da lambar injin.

Doka da inshora fa?

Kowace ƙasa da tsarinta, ka tambayi hukumar rajistar motoci ta inda kake tun kafin ka kwance noti ɗaya. A Amurka, ƙa'idar da aka fi bi ita ce injin ya zama na shekarar motar ko wanda ya fi ta sabunta, tare da kayan tace hayaƙinsa. A Kalifoniya motocin fetur na 1975 zuwa baya ba sa zuwa gwajin hayaƙi na bayan shekara biyu, na 1976 zuwa sama kuwa sai jami'in tantancewa ya duba sauyin. A Birtaniya ana sanar da DVLA, hukumar rajistar motoci, sabuwar lambar inji da girmansa, kuma babban sauyi yana iya janye sassaucin gwajin shekara da ake yi wa motocin da suka kai shekara 40. Kamfanin inshora ma a faɗa masa a rubuce. In ka ɓoye, ranar da aka yi haɗari suna da hujjar ƙin biya.

Nawa zan kashe, kuma wata nawa zai ɗauka?

Kuɗin inji shi ne ƙaramin kaso. Jera duk abin da aka ambata a amsoshin sama, birki, lagireto, tanki, farfela, salansa, wayoyi, saitin kwamfuta, ka sa wa kowanne farashi kafin ka sayi komai, sannan ka ware wani abu don abin da ba ka hango ba. Ɗora 350 a C10 da kayan da aka tanada aikin 'yan makonni ne ga mai yi a ƙarshen mako. LS ko Coyote ko dizal, yi lissafin watanni. Ka ɗauki hoton komai kafin ka kwance, ka zuba notika a leda ka rubuta sunansu, domin motocin da ke mutuwa a gareji yawanci an wargaza su ne gaba ɗaya lokaci guda har mai su ya rasa ta inda zai kama.

Ranar tayarwa ta farko, me zan yi?

Cire fiyus na famfon mai da wayoyin wuta, ka juya inji da sitata har ma'aunin baƙin mai ya motsa. Sannan ka mayar da fiyus, ka kunna makulli sau uku ba tare da tayarwa ba, ka bi layin fetur da hannu da ido kana neman ɗigo. A fito da motar waje, abin kashe gobara a hannun mutum na biyu, giya a fakin, an sa wa tayoyi waigi. In tsohon salon inji ne da aka sa wa sabon kamshaf mai lebur ɗin ƙafa, kada a bar shi a silo: a riƙe shi tsakanin juyi 2,000 da 2,500 na minti 20 zuwa 30, da baƙin mai mai sinadarin zinki. LS ba ya bukatar wannan.

Fitar farko ta zama gajeriya, a hanyar da ba mutane, kuma birki za ka fara gwadawa kafin totur. Ka dawo ka bar shi ya huce, ka sake duba ruwa da mai, ka bi notikan mazauni da na farfela da na tayoyi. Bayan kilomita 100 ka sake bin su, bayan 800 ka juye baƙin mai ka yanka tsohuwar filta ka duba abin da ta tara.